Ciwon da Malam Maharazu Ya Samo a Ƙamus

A layinmu na Nassarawa GRA kowane magidanci Alhaji ne, in ka cire mutum biyu. Na farko Dakta Malachi, likitan zuciya Kirista ɗan Wusasa, wanda dama babu mai jiran ya je Makka. Na biyu Malam Maharazu. Shi kam abin yana cin ransa ƙwarai, musamman da yake matarsa Luba ta sauke farali tun shekarun baya, yayanta ya biya mata. In an kawo goron gayyata sai a ce a ba Hajiya, a kuma gaida Malam.

Malam Maharazu ya yi ritaya daga wata ma'aikata inda aikinsa shi ne rubuta wa manya jawabi, a can kuma ya kamu da cutar Turanci. Ba irin Turancin da ni da kai muke yi mu sayi katin waya ba. Nasa sai ya shiga ƙamus ya tono kalmar da Bature ma ya manta da ita, ya karkaɗe ta, ya kawo mana majalisa. Majalisar tamu a gindin maɗacin ƙofar gidan Alhaji Bashir take, bayan La'asar. Alhaji Bashir ɗan kasuwar atamfa ne, Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, amma Allah ya ba shi baki.

Wata rana cikin Malam ya yi ƙugi har muka waiwaya. Maimakon ya yi shiru kamar kowa, sai ya ɗaga yatsa.

"Borborygmus ke nan," in ji shi. "Motsin iska a cikin hanji."

"Allah sarki," in ji Alhaji Bashir. "Mu jahilai yunwa muke ce masa, kuma tuwo ke maganinsa."

To, bana sai ɗansa Imran ya biya masa kujerar Makka. Unguwa ba ta ƙara hutawa ba. Ya ɗinka sababbin riguna, ya sa aka sake fentin ƙofar gida, ya fara amsa "Alhaji" a bakin mai wanki tun kafin ya ga jirgi. Abu ɗaya ya rage, gwajin lafiyar da ake yi wa maniyyata. Kowa ya san yadda ake yi: a auna ka, a tambaye ka ko wani abu na damunka, ka ce babu sai alheri, ka kama gabanka. Amma Malam Maharazu ya ga wannan hanya ta yi masa ƙanƙanta. Ya je ya sayo ƙamus na kalmomin likitoci, mai kauri kamar bulo, ya kwana biyu yana hadda.

"Ku kun je kun zauna layi kamar masu jiran rabon taki," ya ce mana. "Ni ina buɗe baki likita zai gane abokin aiki ne ya shigo. Kujera za a ba ni, ƙila har da shayi."

"Farfesa," in ji Alhaji Bashir, "ka ce musu lafiyarka ƙalau ka taho. Nasiha ce kyauta."

"Lafiya ƙalau ba bayani ba ne, Alhaji. Gaisuwa ce."

Ranar gwaji ya sa babbar riga, ya maƙala tabarau, ya tafi. Likitar da ya samu wata matashiya ce, Dakta Najla, wadda tun safe take fama da jama'a har muryarta ta dushe. Ta auna jininsa, daidai. Ta saurari ƙirjinsa, daidai. Ta riga ta ɗauki biro za ta sallame shi, sai ta yi tambayar da ake yi wa kowa.

"Baba, akwai abin da ke damunka?"

Malam ya gyara zama. Abin da ke damunsa a duniya uku ne, kuma babu wanda ya kai a tashi likita daga barci. In ya ci nama mai yaji ya kwanta, ƙwannafi yakan taso masa. In ya hau bene da sauri yakan yi haki, kamar kowane mai tumbi. Sannan duk Juma'a yakan yi gyangyaɗi a tsakiyar huɗuba. Ya riga ya samo wa kowanne suna a ƙamus. Na gyangyaɗin ne ma ya ba shi wahala, sai da ya ci karo da wata kalma da aka ce ma'anarta gushewar hankali na ɗan lokaci. Ya duba ya ga ai mai gyangyaɗi ma hankalinsa ba ya wurin.

"'Yata," ya ce, "ina fama da retrosternal discomfort, da exertional dyspnoea, sannan lokaci-lokaci akwai syncope."

Dakta Najla ta ajiye biron.

"Baba, suma kake yi?"

"Ban ce suma ba. Suma ta 'yan tasha ce. Syncope na ce."

"Ai ita ce suma, Baba."

"To, ke kika faɗa."

"Don Allah ka yi min bayani da Hausa. Me kake ji, kuma yaushe?"

"Hausa ba ta da zurfin da za ta ɗauki abin da nake ji," in ji Malam, yana satar kallon maniyyatan da ke bakin ƙofa don ya ga ko suna saurare. Suna saurare kuwa, har wani tsoho ya ce ikon Allah.

Likita ta yi ta lallashi, Malam ya yi ta ƙara Turanci. Daga ƙarshe ta ce masa ita ba za ta iya tura mutum cikin zafin Arfa da turmutsutsun jifa ba, alhali da bakinsa ya ce ƙirjinsa na ciwo, numfashinsa na ɗaukewa, kuma yana faɗuwa. Sai babban likitan zuciya ya duba shi ya ce ya yarda.

Da La'asar ya iso majalisa yana taku ɗaiɗai.

"An ɗaukaka ni," ya ce tun kafin ya zauna. "Sauran duk an sallame su kamar kaji. Ni kuwa yarinyar ta ga abin ya fi ƙarfin karatunta, ta miƙa ni sama."

"Mu da aka sallama kamar kaji," in ji Alhaji Bashir, "ga mu mun je mun dawo, har dabinon ya ƙare."

Babban likitan da aka tura shi wurinsa ba kowa ba ne illa maƙwabcinmu Dakta Malachi, mutum mai haƙuri da son raha, wanda Hausarsa ta fi ta yawancinmu tsafta. Ya kwantar da Malam, ya manna masa wayoyi, ya ɗauki hoton zuciya, ya sa shi tafiya a kan wani inji har gumi ya jiƙa singiletinsa. Ya duba sakamako ya yi dariya.

"Maƙwabci, wannan zuciyar ta fi tawa. Ka rage yaji da daddare, ka je ka yi mana addu'a."

Da a ce su biyu ne a ɗakin, da ƙila magana ta ƙare a nan. Amma akwai ɗaliban likitanci a tsaye da fararen riguna, kowa riƙe da biro. A gabansu za a ce wa Malam Maharazu ya rage yaji, kamar wani mai tura baro? Ya tashi zaune yana ɓalla maɓallin riga.

"Dakta, kada ka yi gaggawa. Nawa paroxysmal ne. Kuma ina kyautata zaton idiopathic ne."

Ɗalibai suka duƙa suna rubutu. Malam ya ji daɗi har kunnensa ya motsa. Dakta Malachi kuwa ya cire tabarau ya murza ido.

"Ka san abin da ka faɗa yanzu?"

"Da ban sani ba zan faɗa?"

"Cewa ka yi ciwon zuwa yake ya tafi ba sallama, kuma babu wanda ya san dalilinsa. Wato duk awon nan da na yi bai wanke ka ba, tunda ƙila lokacin da na duba ya fita unguwa."

"Daidai, abokin aiki. Ka fahimce ni."

"Na fahimce ka, Allah ya sa kai ma ka fahimci kanka."

Haka aka ɗaura masa wata 'yar na'ura kamar ƙaramar rediyo, da wayoyi manne a ƙirji, wadda za ta riƙa ɗaukar bugun zuciyarsa dare da rana na 'yan kwanaki. An ce ya sa ta a ƙarƙashin riga. Malam ya rataya ta a sama, a tsakiyar aikin wuyan rigar, inda ko makaho zai yi tuntuɓe da ita. Ya shiga masallaci da ita, jama'a suka dare, ladan ya ruga ya kawo masa kujerar roba ya ce kada ya wahalar da kansa da tsayuwa.

Kafin gari ya waye labari ya kai Tudun Wada. 'Yan dubiya suka fara sallama da lemo da kankana. Wata gwaggonsa da ta yi shekaru ba ta taka gidan ba ta zo ta zauna a falo tana sharar hawaye, tana cewa ita ta yafe masa duniya da lahira. Malam yana kishingiɗe yana karɓar gaisuwa, duk wanda ya tambayi me ke damunsa sai ya jefa masa kalma ɗaya, mutum ya fita yana girgiza kai.

Sai ga ƙaninsa Jibrin daga Gama. Ya gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana kallon na'urar, sannan ya matso.

"Yaya, ba fata nake ba. Amma in har abin ya zo da ƙarar kwana, ko likita ya hana, kada kujerar nan ta tafi a banza. Fasfo ɗina yana nan da ransa."

"Tashi ka ba ni wuri!"

"A'a, Yaya, kada ka ɗaga murya. Zuciya."

Wadda ba ta yi kuka ba ita ce Hajiya Luba. Ta daɗe da sanin mijinta, ta san ƙwannafinsa, ta san munsharinsa. Ba ta yi musu da kowa ba. Kawai sai ta shiga kicin ta kafa doka. Babu nama, babu mai, babu gishiri, babu yaji. Da rana ta ajiye masa dafaffen kabeji, da dare kunu ba sukari.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Abincin masu irin ciwonka ne, Malam."

"Ai abin bai kai haka ba."

"To bai kai ina ba? Faɗa min da Hausa abin da ke damunka, yanzu in ɗora maka farfesun kan rago."

Malam ya dubi kabeji, ya dubi 'yan dubiyar da ke zaune suna jiran amsa. Ya ɗauki cokali.

"Na ga alama," in ji Hajiya. "A ci lafiya."

Ya daure iya daurewa. Amma mutumin da ya saba da balangu ba a raba shi da shi da kabeji. Wata rana da aka idar da Magariba, maimakon ya yi gida sai ya zame ta bayan masallaci, ya tari mai adaidaita, ya nufi wurin wani mai balangu a Badawa inda ba a san shi ba. Ya sa aka yanka masa mai kitse, aka barbaɗa yaji har ya rufe naman, aka naɗe a takarda. Da ya dawo bai yarda ya bi ta gaban majalisa ba. Ya bi ta lungun bayan gidaje, ya samu wani dakali a jikin katangar Dakta Malachi, ya zauna, ya buɗe takarda, ya yi bisimilla.

Abin da bai sani ba shi ne ƙaramar ƙofar bayan gidan a buɗe take, kuma Dakta yana da wani ƙaton kare da ake kira Damisa. Yanka ɗaya Malam ya kai baki ya ji gurnani a bayan kunnensa.

Jama'a, ni ban gani da idona ba, amma matar Alhaji Bashir tana saman bene tana kwashe shanya, kuma ta rantse ba ta taɓa ganin dattijo ya yi irin wannan gudu ba. Ya tsallake kwata, ya ratsa ta cikin furannin wani gida, babbar riga na tashi, na'ura na dukan ƙirjinsa, naman kuma yana hannunsa bai yar ba. Da ya iso ƙofar gidansa ya tarar a kulle, bai tsaya ƙwanƙwasawa ba, ya kama ƙarfe ya haye ya dira ciki. Damisa ya koma gida da takalmi ƙafa ɗaya a baki. Malam ya cinye sauran naman a bayan tankin ruwa yana haki, ya cusa ɗaya ƙafar takalmin a ƙarƙashin gado, ya fito falo ya sha kununsa kamar mutumin kirki.

Washegari aka cire na'ura aka kai wa likita. A lokacin jirage sun fara tashi, kuma an sanar cewa duk maniyyacin da bai kawo amincewar likita ba zuwa wayewar Litinin, sai dai wata shekarar. Malam ko a jikinsa. Ya sa walimar bankwana ranar Lahadi da yamma, ya ce a nan Dakta zai sa hannu a gaban jama'a, don a ga yadda masu ilimi ke gama magana.

An kafa rumfa a farfajiyar gida, an jera kujeru, an kawo lasifika. Liman ya zo, 'yan majalisa mun zo, Jibrin ya zo da sabuwar hula ya zauna a sahun gaba. Mata suna daga baranda. Ƙamshin soyayyun kaji ya cika gidan, Malam yana ta haɗiyar yawu. Can sai ga Dakta Malachi da takarda a hannu ɗaya, baƙar leda a ɗaya hannun. Ya gaisa da mutane, ya sunkuya kusa da kunnen Malam.

"Maƙwabci, mu ɗan shiga ciki. Magana ce ta ni da kai."

Malam ya jawo makirfo.

"Dakta yana so mu keɓe," ya sanar, muryarsa na fita har titi. "Amma ilimi ba abin ɓoyo ba ne. Yi bayaninka a nan, abokin aiki. Inda ya yi wa jama'a nauyi zan fassara."

"Malam, sirrin mara lafiya ne."

"Na yafe sirrin."

"A bar Farfesa ya fassara mana," in ji Alhaji Bashir. "Mu ma mu ƙaru."

Dakta Malachi ya yi ajiyar zuciya, ya karɓi makirfo.

"To, shi ke nan. Na'ura ta nuna zuciyar Malam lafiya lau take, dare da rana. Sai wuri ɗaya. Ran nan bayan Magariba ta yi wani irin bugu kamar za ta fito ta baki, ta daɗe tana yi, sannan ta lafa. In akwai dalili, alal misali mutum ya yi gudu, to ba komai, yanzu zan sa hannu. In kuwa yana zaune ne abin ya zo masa haka kawai, ba zan iya ba. Malam, me kake yi a lokacin?"

Malam ya dubi baranda, ya haɗa ido da Hajiya Luba. Ya dubi liman. Amsar gaskiya gajeriya ce, amma a cikinta akwai balangu, akwai kare, akwai haura ƙofa.

"Ina zaune ina nazari," ya ce. "Wannan shi ake kira paroxysmal tachycardia. Jama'a, ma'anarsa..."

"Dakata da fassarar," in ji Dakta. Ya buɗe leda ya zaro takalmi ƙafa ɗaya, fata mai kyau, duk shaidar haƙori a dunduniya. "Na so in ba ka wannan a ɓoye. A daidai wannan lokacin karena ya shigo da shi. In naka ne, wallahi ka ci jarrabawar da ta fi ta injina, don mutumin da ya tsere wa Damisa babu abin da Safa da Marwa za su yi masa. Naka ne?"

Alhaji Bashir ya sa hula ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Daga baranda aka ji matar Alhajin ta ce, "Har da tsallen kwata!" Mata suka kwashe da dariya.

Ni da ke zaune kusa da Malam na ji tausayinsa ya kama ni, har na raɗa masa, "Malam, ka ce naka ne, a wuce wurin." Kalma biyu ce tsakaninsa da Makka. Ya kalli takalmin kamar bai taɓa ganin irinsa a duniya ba.

"Ban san wannan takalmi ba."

Hajiya Luba ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ratso tsakiyar maza da mayafinta, ta ajiye ɗaya ƙafar a kan tebur kusa da 'yar'uwarta. Ta daidaita su sosai, sannan ta ajiye wata takarda mai maiƙo da sauran yaji a gefe.

"Wannan a ƙarƙashin gado," ta ce. "Wannan kuma a bayan tanki. Ni ban iya Turanci ba, Dakta, sai dai shara."

Dariyar da aka yi har masu gadin layi sai da suka leƙo. Wani ya faɗo daga kujera. Liman yana ta cewa subhanallahi yana goge ido da gefen rawani. Dakta Malachi da kansa sai da ya dafa tebur, sannan ya cire murfin biro ya shimfiɗa takarda.

"Alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Takalminka ne, gudu ka yi, lafiyarka ƙalau. Kawo in sa hannu."

Da Malam ya yi shiru a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ya duba ya ga an kama shi da ƙarya a gaban liman, a gaban ƙaninsa, a gaban Alhaji Bashir wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko ba tare da ya ciji harshe ba. Ya ga dole ya fita da mutuncinsa. Ya fizgi makirfo.

"Jama'a, a saurara! Ba ƙarya na yi ba. Ban tuna ba ne. Abin da ya same ni sunansa transient global amnesia. Wato tunanin mutum ya ɗauke ɗungurungum na wani lokaci, bai san inda yake ba, bai san abin da ya yi ba. Yana cikin littafi, Dakta shaida ne!"

Biron Dakta Malachi ya tsaya a sama, bai taɓa takarda ba.

"Malam, kana nufin ka fita daga masallaci, ka je ka sayo nama, ka yi tsere da kare, ka haura ƙofa, duk ba ka sani ba?"

"Ko kaɗan."

"Kuma yakan zo maka ba sanarwa?"

"Paroxysmal," in ji Malam, yana kallon Alhaji Bashir da gefen ido.

"To, wannan ya bar sashena. Na ƙwaƙwalwa ne, kuma ba a ganin likitansu yau ko gobe. Ni ba zan sa hannu a saki mutumin da ke manta kansa cikin miliyoyin mutane a Mina ba. In ka ɓace, me zan ce wa Hajiya?" Ya rage murya, amma makirfo na kusa, kowa ya ji. "Maƙwabci, don girman Allah. Ka ce kunya ce ta sa ka musa takalmin. Ka faɗa da Hausa, sau ɗaya, in sa hannu mu ci kaji."

"Ka faɗa mana, Baba," in ji Imran daga baya, don shi ya san abin da ya sha kafin ya haɗa kujerar nan.

"Faɗi, Farfesa," in ji Alhaji Bashir, wannan karon ba da wasa ba. "Wallahi ba za mu yi dariya ba. Mun riga mun gama."

"Kada a matsa wa mara lafiya," in ji Jibrin.

Malam Maharazu ya buɗe baki. Mun ga leɓensa ya motsa. Duk kalmomin da ya tara a duniya, wannan ƙaramar ta Hausa ita ce ta ƙi fitowa. Ya gyara tabarau, ya ɗaga haɓa.

"Na tsaya a kan diagnosis ɗina."

Dakta Malachi ya mayar da murfin biro, ya ninke takarda ya sa a aljihu. Hajiya Luba ta juya ta ce wa masu rabon abinci su fara, amma kada a ba Malam kaza, akwai sauran kabejinsa a kicin.

Aka ci, aka sha, babu mai iya kallon wani. Da aka zo tashi sai aka miƙa wa liman makirfo don rufe taro. Bawan Allah ya zo ne da addu'ar matafiya a bakinsa, ya tsaya yana jujjuya carbi, ya rasa ta inda zai kama. Ya sunkuya ya tambayi mai gida a hankali wacce za a yi. Malam ya tsura wa takalmansa da ke kan tebur ido.

Liman ya ɗaga hannu, muka ɗaga.

"Allah ya ba Malam Maharazu lafiya. Allah ya dawo masa da tunaninsa. In da rabo, Allah ya nuna masa baɗi."

Muka ce amin. Malam ma, da yake jama'a na kallonsa, dole ya shafa.